Kofi Abrefa Busia: Ɗan Sarautar da Ya Yi Digirin Digirgir a kan Kujerar Kakanninsa

An haifi Kofi Abrefa Busia ran 11 ga Yuli, 1913, a garin Wenchi cikin ƙasar da ake kira Ghana yanzu, wadda a zamanin Turawa ake ce mata Gwalkwas. Ɗan gidan sarautar garin ne. Ya fara karatu a makarantar mishan ta Methodist a Wenchi, daga nan ya wuce Mfantsipim a Cape Coast, sa'an nan Kwalejin Wesley ta Kumasi inda aka horar da shi aikin malanta. Ya koyar a Wesley da kuma Achimota. A cikin ikilisiyar Methodist ya girma, ya kuma zama mai wa'azi ko da yake ba a naɗa shi fasto ba.

Hanyarsa zuwa babban ilimi doguwa ce. Digirinsa na fari, a fannin tarihi, na Jami'ar Landan ne. Bayan haka ya tafi Oxford a Ingila, ya zama ɗan Afirka na farko da ya shiga University College, ɗaya daga cikin tsofaffin kwalejojin jami'ar. Ya gama a 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. A 1942 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauke shi tare da A. L. Adu aikin mataimakin Di'o, muƙamin da sai Bature yake riƙewa a wancan zamani.

Digirin digirgir ya bambanta da sauran digiri. Ba a samunsa da haddace abin da malamai suka faɗa. Dole ɗalibi ya zaɓi tambaya guda, ya shekara da shekaru yana bin diddiginta, ya rubuta kundi mai kawo sabon sani, sa'an nan ya zauna gaban masana ya kāre kowace magana da ke ciki. A ilimin zamantakewa kuwa mutane ne littafin: sai an zauna da su, an ji shari'unsu, an ga bukukuwansu. A wancan lokaci Turawa ne ke zuwa Afirka su yi irin wannan bincike, yawanci ta bakin tafinta. Busia ya juya al'amarin. Tambayar da ya zaɓa ta gidansu ce: mene ne matsayin sarki a ƙasar Ashanti bayan da Turawa suka karɓe iko?

Ya yi binciken cikin harshensa, a tsakanin dattawan da suka san iyayensa. Wannan gata ne, amma jarraba ce kuma, gama ba shi da sauƙi mutum ya auna gidan da ya haife shi da ma'aunin gaskiya. Abin da ya bayyana shi ne, sarkin Ashanti na dā ba mai yin yadda ya ga dama ba ne. Uwar sarauta ce take fid da wanda za a naɗa daga cikin zuriya ta wajen mata, dattawa masu zaɓe su amince ko su ƙi, talakawa ma suna da bakin magana. In sarki ya ƙi jin shawara, waɗanda suka ɗora shi suna da ikon sauke shi. Da Turawa suka zo, sarki ya koma ƙarƙashin Di'o, ƙarfinsa ya dogara ga gwamnati fiye da jama'arsa, amincin da ke tsakaninsa da talakawa ya yi rauni, rigingimun tuɓe sarakuna suka yawaita.

Akwai sashen binciken da ya shafi masu bi kai tsaye. Sarkin Ashanti yana zaune a kan kujerar kakanni, shi ne kuma mai miƙa musu hadaya a ranakun Adae, sau biyu cikin kowane kwana 42. Ranar Alhamis kuma ba a taɓa gona, domin girmama ƙasa da suke kira Asase Yaa. Manomi Kirista da ya huta ran Lahadi, in aka tilasta masa Alhamis, ya rasa kwana biyu ke nan a mako, ga kuma nauyin lamiri. Sarakuna sun ga ƙin bin wannan doka raini ne ga sarauta, ikilisiyoyi kuwa sun ga binta saɓo ne. Busia, wanda jininsa na fada ne, bangaskiyarsa ta majami'a, ya shimfiɗa hujjar kowane gefe a fili. Duk iyalin da suka taɓa tsayawa tsakanin kiran hakimi da kiran Ubangiji sun san nauyin wannan magana.

A 1947 Jami'ar Oxford ta ba shi digirin digirgir a fannin nazarin al'ummomi da al'adunsu, ɗan'uwan ilimin zamantakewa na kusa. An buga kundin ya zama littafi a 1951. Kafin nan, a 1950, ya fitar da rahoton bincike a kan zaman mutane a biranen Sekondi da Takoradi. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya hau kujerar farfesa a Kwalejin Jami'ar Gwalkwas, a fannin ilimin zamantakewa.

Siyasa ta ja shi. Ya zama jagoran masu hamayya da Kwame Nkrumah, a 1959 kuma ya yi gudun hijira don tsoron kamu. Ya koyar a Leiden ta ƙasar Holan, ya kuma koma Oxford. A shekarun nan ne ya yi wani aiki mai ban sha'awa: ya binciki majami'un birnin Birmingham kamar yadda Turawa suka saba binciken ƙauyukan Afirka, aka buga sakamakon a 1966. A shekarar ce soja suka kifar da Nkrumah, Busia ya koma gida. Jam'iyyarsa ta ci kujeru 105 cikin 140 a zaɓen 1969, ya zama Firayim Minista.

A nan labarin yake da ɗaci, musamman ga mutanen Nijeriya. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatinsa ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar Ghana. Dubban dubbai suka fita, Yarabawa da Hausawan zango da sauransu, waɗansu ma a can aka haife su, suka sayar da kayansu a wulakance, alhali Nijeriya tana cikin yaƙin basasa. Gwamnati ta kafa hujja da rashin aikin yi da matsin tattalin arziki. Duk da haka da wuya a wanke mutumin da ya fi kowa sanin yadda baƙi suka saƙu da rayuwar biranen ƙasarsa, wanda kuma shi kansa ya ci gurasar baƙunci shekara bakwai.

A ƙarshen 1971 ya karya darajar kuɗin Ghana, farashi ya tashi. Ran 13 ga Janairu, 1972, yana Ingila wajen likita, Kanar Acheampong ya yi masa juyin mulki. Ya rasu a Oxford ran 28 ga Agusta, 1978, yana da shekara 65. An kai gawarsa Wenchi aka binne.