Muhammadu al-Katsinawi: Malami Ɗaya, Suna Huɗu

A kasuwar hatsi ta garinmu Funtuwa, babu manomin da zai ɗora buhun masararsa a mota bai yi masa shaida ba, domin ya san buhu kama yake da buhu. Wannan hikimar ce ta faɗo mini a rai ranar da na tura wani ɗalibina ya nemo mini rubuce-rubucen da aka yi a kan Shehu Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, ya dawo yana cewa intanet ba ta san shi ba. Ta san shi sarai, sai dai da wasu sunaye.

Shi dai wannan bawan Allah mutumin ƙasar Katsina ne, ya yi karatu a hannun malaman ƙasarsa da na yankin Barno, har ya shahara a lissafi da ilmin taurari da nahawu. Wajajen shekarar 1730 ya kama hanyar aikin Hajji, daga bisani ya zauna a Alƙahira yana karantarwa yana wallafa. Cikin littattafansa akwai Bahjatul Afaƙ, wanda ya yi bayanin yadda ake gina hatimi, wato jadawalin da jimillar lambobinsa ke zama ɗaya ko ta ina aka ƙirga, da kuma Addurrul Manzum. Allah Ya yi masa rasuwa a shekarar 1741 a gidan Shehu Hasanul Jabarti, wanda ya bar wa wasiyyar littattafansa. Ɗan mai gidan, Abdurrahmanul Jabarti, shi ne ya adana mana labarinsa a cikin shahararren littafinsa na tarihin Masar. A shekarar 1973 kuma Ba'amurkiya Claudia Zaslavsky ta gabatar da lissafinsa ga masu karatun Turanci a littafinta Africa Counts.

To, ina matsalar take? Larabci ba shi da harafin "tsa", saboda haka aka rubuta Katsina da shinun, kuma ba a sa wasali. Da Turawa suka zo mayar da sunan zuwa boko, wani ya karanta al-Kashnawi, wani al-Kishnawi, wani ma ya yi wa baƙaƙen musayar gurbi ya fitar da al-Kishwani, mu kuma muna cewa al-Katsinawi. Kwamfuta ba ta da hankalin gane cewa mutum ɗaya ne, sai gadon malamin ya warwatse gida huɗu.

Irin wannan ruɗanin ne ya sa duniyar ilmi ta ƙirƙiro lambobin shaida na dindindin. Akwai ISBN ta littattafai, wadda Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ke bayarwa a Nijeriya. Akwai DOI ta maƙalu, wadda ke farawa da lamba 10, ta kuma bazu bayan kafa Crossref a shekarar 2000. Ko mujalla ta sauya adireshi, lambar za ta kai ka inda maƙalar ta koma, muddin mawallafa sun sabunta rajista. Sai ORCID mai gurbi 16, wadda aka fara a shekarar 2012 domin rarrabe masu bincike da takwarorinsu.

Mai karatu, al-Katsinawi ya yi sa'ar samun Jabarti. Mu fa? Ni kaina an buga sunan garina a maƙaluna wani lokaci Funtua, wani lokaci Funtuwa, kuma mujallu nawa ne na sassan jami'o'inmu suka ɓace da zarar shafinsu ya mutu? Ina kira ga 'yan'uwana malamai da kowa ya yi rajistar lambarsa, editoci su nema wa mujallunsu DOI, ɗakunan karatunmu kuma su tattara sunayen magabata a ƙarƙashin shaida guda. Buhun da ba shi da shaida, na wanda ya riga ɗauka ne. Allah Ya jiƙan Shehu Muhammadu, amin.