Taƙaitaccen tarihin Arthur Compton

An haifi Arthur Holly Compton ranar 10 ga watan Satumban 1892 a garin Wooster na jihar Ohio a Amurka.

A 1923 ne ya bayyana cewa hasken X-ray yana rage ƙarfi idan ya yi karo da ƙwayar lantarki, abin da ya tabbatar da cewa haske ma ƙwaya-ƙwaya yake tafiya.

Wannan bincike ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1927.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, shi ya shugabanci ɗakin binciken Chicago da ya share fagen ƙera bam ɗin nukiliya. Yana kuma cikin masana huɗu da suka ba da shawarar a jefa wa Japan bam ɗin a 1945.

Ya mutu ranar 15 ga watan Maris na 1962.

Shekara biyar bayan mutuwarsa, taurarin ɗan Adam na Vela, waɗanda Amurka ta harba domin sa ido kan gwajin makaman nukiliya, suka tsinkayi wata walƙiyar hasken gamma wadda ba daga duniyarmu ta fito ba.

A 1991 hukumar NASA ta harba kumbon bincike mai ɗauke da sunan Compton. Kafin ƙarshen aikinsa a shekarar 2000, kumbon ya gano irin wannan walƙiya har sau fiye da 2,700 daga kowace kusurwa ta sararin samaniya, alamar cewa tushenta na can nesa da gungun taurarin da muke ciki.