Tarihin Thomas Hughes

An haifi Thomas Hughes a ƙauyen Uffington, a ƙasar Ingila, cikin shekarar 1822. A 1834 aka kai shi makarantar kwana ta Rugby, zamanin da Thomas Arnold yake shugabanta. A can ya ga yadda manyan ɗalibai suke gasa wa ƙanana aya a hannu. Bayan ya gama jami'ar Oxford ya zama lauya, sannan ɗan majalisa, daga bisani alƙali.

A 1857 ya fitar da littafinsa, Tom Brown's School Days, wanda ya rubuta saboda ɗansa da ke shirin shiga makaranta. A ciki akwai wani Flashman, mai shekara wajen 17, gwanin cin zalin yara, har ya taɓa ƙona Tom a bakin murhu. Ashe matsoraci ne. Ranar da Tom da abokinsa East suka taru suka kayar da shi, bai ƙara ɗaga musu hannu ba. Ƙarshenta aka kore shi saboda shan giya.

Hughes ya rasu a 1896. Mu da iyaye suka rako daga Karaye da Rogo da akwatunanmu, kowa ya san Flashman na ɗakinsu. Gobe mu ne manya. Allah Ya sa kada ƙannenmu su laƙaba mana sunansa.