Hesiod, makiyayin Dutsen Helikon

Rikicin gado tsakanin 'yan'uwa biyu ne ya haifar da ɗaya daga cikin tsofaffin waƙoƙin ƙasar Girka. Mawallafinta shi ne Hesiod, wanda ya rayu kimanin shekaru 700 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Mahaifinsa mai fataucin teku ne daga birnin Kyme, a gaɓar yammacin Turkiyya ta yau. Talauci ne ya kore shi zuwa ƙauyen Askra, a gindin Dutsen Helikon.

Masu kiɗan badujala dai sun san sunan Helikon ta wata fuskar, domin haka ake kiran wani ƙaton ƙahon tagulla da mai busa ke sanyawa a jiki, wanda ya bazu a Turai a ƙarni na 19.

A kan dutsen Hesiod yake kiwon tumaki. Ya ba da labarin cewa a can ne allolin waƙa mata, waɗanda Girkawa ke bauta wa, suka ba shi sanda da baiwar waƙa. Daga nan ya tsara Theogony, mai bayanin salsalar allolinsu.

Bayan mutuwar mahaifinsu, ɗan'uwansa Perses ya bai wa sarakunan yankin toshiyar baki, ya kwashe kaso mafi tsoka na gadon. Dukiyar ba ta yi albarka ba, har ya dawo yana roƙo.

Amsar da Hesiod ya ba shi ita ce waƙar Ayyuka da Ranaku, mai layi fiye da 800. A ciki ya caccaki mahukunta masu cin hanci ba tare da sakaya zance ba, sannan ya zauna yana koya wa ɗan'uwan nasa noma: a yi girbi idan taurarin Kaza da 'Ya'yanta suka fito, a yi huɗa idan sun faɗi. A nan ne waƙar ta fi armashi, domin manomi ne ke magana a kan abin da ya sani.

Sau ɗaya tak ya hau teku, zuwa birnin Kalkis, inda ya lashe gasar waƙa, aka ba shi tukunya mai ƙafa uku. Ya kai ta Helikon ya sadaukar.

A ƙarni na 2 miladiyya, matafiyi Pausanias ya ce an nuna masa tukunyar a can.