Warren Spahn: Bahagon da Aka Yi wa Gaggawar Hukunci

A duk lokacin da nake koyar da ilimin ma'ana, nakan tsaya a kan kalmar bahago. Asalinta mai amfani da hannun hagu ne, amma sai muka ɗora mata nauyin bauɗiya, har muna cewa bahaguwar fahimta ko bahagon ra'ayi. Wannan ne ya sa na ga ya dace in gabatar wa mai karatu rayuwar wani Ba'amurke da ya ci abinci da hagunsa shekaru ashirin da ɗaya.

An haifi Warren Spahn a birnin Buffalo na jihar New York a 1921. Sana'arsa jifa ce a wasan besbol, inda mai jifa ke wurga ƙwallo, abokin hamayya kuma yana ƙoƙarin maka ta da sanda. A wannan fage bahago abin nema ne, domin masu dukan sun fi sabawa da jifar na-dama, kamar dai yadda 'yan dambenmu ke shakkar bahago.

Ya shiga ƙungiyar Boston Braves a 1942. A shekarar ce mai horarwa, Casey Stengel, ya umarce shi da ya auna jikin wani ɗan wasa da ƙwallo, shi kuwa ya ƙi. Stengel ya ɗauke shi matsoraci, ya mayar da shi ƙaramin rukuni. Daga nan yaƙin duniya na biyu ya cinye masa shekaru uku. Wanda aka kira matsoraci ya kasance cikin sojojin da suka yi aiki a gadar Remagen ta Jamus a 1945, ya ji rauni a can, ya kuma sami ƙarin girma a fagen daga.

Bai sami nasararsa ta farko a babban rukuni ba sai a 1946, yana ɗan shekara 25. Duk da wannan jinkiri, ya tara nasarori 363, adadin da babu wani bahago da ya kai har yau. Sau 13 yana cin wasa 20 ko fiye a kaka guda. A 1957 ya karɓi kyautar Cy Young, ƙungiyarsa kuma, wadda ta riga ta koma Milwaukee, ta ɗauki kofi.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsufansa. Da ƙarfin damtse ya ragu, sai ya koma ga dabara: sauya gudun ƙwallo da saita ta inda mai duka bai zata ba. A 1963, yana da shekara 42, ya ci wasa 23. A ranar 2 ga Yulin shekarar ya kara da Juan Marichal, matashi ɗan shekara 25, har zagaye na 16, alhali tara aka saba yi, kafin Willie Mays ya raba gardama da ci ɗaya tilo. Ya rasu a Oklahoma a 2003, kuma tun 1999 ake ba da kyauta da sunansa ga gwanin masu jifa da hagu.

Stengel da kansa ya amsa daga baya cewa ya yi kuskure. Mu fa? Yara nawa muka doke wa hannu a aji don sun riƙe alƙalami da hagu, ɗalibai nawa muka yanke wa ƙauna tun shekarar farko? Ladabin ci da gaisuwa da dama yana nan daram, ban ce a taɓa shi ba. Roƙona ga iyaye da 'yan uwana malamai shi ne mu bar yaro ya yi rubutu da hannun da Allah ya hore masa, mu kuma jinkirta hukunci har sai mun ga aikinsa.