Firene, Malamin da Ya Kawo Injin Ɗab'i Cikin Aji

A kudu maso gabashin ƙasar Faransa akwai wani ɗan ƙauye cikin duwatsu, sunansa Gars. Can aka haifi Selestan Firene ran 15 ga watan Oktoba 1896. Da faransanci ana rubuta sunansa Célestin Freinet. Iyayensa manoma ne masu ƙaramin ƙarfi. Tun yana yaro yakan bi tumaki kiwo, kamar yadda da yawa daga cikinku suke yi in an tashi makaranta. A zamanin nan karatu duk hadda ne. Malam ya faɗa, yara su maimaita, ko sun gane ko ba su gane ba.

A 1912 ya shiga makarantar horon malamai ta birnin Nis. Bai gama ba sai yaƙin duniya na farko ya ɓarke. Aka ɗauke shi soja a 1915. Cikin watan Oktoba 1917 harsashi ya same shi a huhu, saura kaɗan ya mutu. Ya daɗe yana jinya. Ya tashi, amma numfashinsa bai koma daidai ba.

A 1920 aka ba shi aji a wani ƙauye mai suna Bar-sur-Loup. Nan wahala ta soma. Malamin da ke koyar da hadda, ai da murya yake aiki tun safe har yamma. Firene kuwa in ya ɗan jima yana magana sai haki ya kama shi. Ga ɗaki a rufe, ga ƙurar alli, ga yara suna hayaniya. Ko dai ya bar aikin, ko ya sake hanya.

Sai ya fara fita da yaran waje. Su zaga gari, su tsaya wurin maƙeri, su leƙa wurin kafinta da masaƙi, su duba gonaki da rafi. In sun komo aji kowa yana da abin faɗi. Malam ya rubuta a babban allo, yara su karanta, su kwafa cikin littattafansu. Wata rana ma tseren dodon koɗi suka yi, shi ne ya zama darasin ranar. Amma da an ce a buɗe littafin karatu, sai fuskoki su ɓaci, gama labaran da ke ciki ba su shafi rayuwarsu ba. Abin da suka rubuta a allo kuwa, da yamma ta yi sai a shafe shi.

Wannan shafewa ita ta dami Firene. A 1924 ya nemo wani ɗan ƙaramin injin ɗab'i wanda ake aiki da shi da hannu, ya aje shi cikin aji.

Ga yadda aikin yake. Yaro yakan rubuta abin da yake so, lokacin da yake so. Da safe masu labari su karanta wa ƴan'uwansu, aji ya zaɓi guda. A rubuta shi a allo, a taru a gyara kurakurai. Daga nan sai a koma ga akwatin baƙaƙe. Baƙaƙen na dalma ne, kowane yana da ɗan gidansa. Kowane yaro ya ɗauki layi ɗaya, ya riƙa tsinto baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya yana jerawa cikin wani ɗan ƙarfe. Da yake baƙaƙen ɗab'i a juye suke, sai ya duba da madubi ya ga ko layin ya tafi daidai. In layuka sun cika a haɗa su, wani ya shafa tawada, wani ya ɗora takarda, wani ya danna. Sai ga labarin yaro ya fito baƙi a kan fari, kamar na littafi. Kowa ya sami takarda guda. Yau da gobe takardun su taru, a ɗinke su, su zama littafin ajin.

Ku lura da abin da yaro yake koya cikin wannan aiki. Wanda ya tsinto baƙaƙen kalma da yatsunsa, da wuya ya mance yadda ake rubuta ta. Wanda ya mance tazara tsakanin kalmomi, takarda za ta nuna masa, ba sai malam ya yi tsawa ba. Firene yana ganin haka mutum yake koyon kome: ta lalube. Jariri yakan faɗi sau da yawa kafin ya iya tafiya, yakan yi gwaranci kafin ya iya magana, ba wanda ya fara koya masa dokokin nahawu. Abin da ya gwada ya ga ya yi, shi yake riƙewa ya sake.

Takardar da aka buga tana son mai karatu. Daga 1926 ajin Firene ya shiga musayar takardu da wani aji na Trégunc, a bakin teku, can arewa maso yammacin Faransa, tafiyar fiye da kilomita 1000. Malamin can sunansa René Daniel. Ɗiyan masunta suka san labarin itatuwan lemo da na zaitun, ɗiyan masu lemo suka san labarin jiragen kamun kifi. Har ƴan ƙunshin tsaraba suke aika wa juna ta gidan waya. A shekarar nan ce kuma ya auri wata malama mai zane, Élise, wadda ta zama abokiyar aikinsa har mutuwa. Malamai da yawa suka bi sawunsa. A 1928 suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa don su riƙa samun injuna, da majigi, da fayafayan garmaho da araha.

Ba kowa ne ya ji daɗin abin ba. A 1928 aka mai da shi Saint-Paul. Ya tarar da makarantar talakawa ta lalace, ya yi ta kai kuka ga magajin gari, har suka ɓata. Firene ɗan jam'iyyar kwaminis ne, manyan garin kuwa ba sa son haka. A ƙarshen 1932 abokan gabansa suka sami labarin mafarkin da wani yaro ya rubuta, inda a cikin mafarkin aka kashe magajin gari. Suka lilliƙa shi a bangayen gari, suka ce ga abin da malam yake koya wa yara. Rikici ya yi tsanani, a 1933 hukuma ta ɗauke shi daga Saint-Paul. Mafarkin yaro ɗaya ya raba shi da ajinsa.

Ya bar aikin gwamnati. Shi da matarsa suka gina tasu makaranta a kan tudu kusa da Vence, suka buɗe ta a 1935. Ɗiyan talakawa suka ɗauka, da yaran da suka gudo daga yaƙin basasar Sifen. A 1940, cikin yaƙin duniya na biyu, aka kama shi aka tsare shi har 1941. Lokacin da aka hana shi aji ne ya zauna ya rubuta manyan littattafansa. Daga baya ya shiga cikin masu yaƙin ƙwato ƙasa daga hannun Jamus.

Bayan yaƙi ya koma Vence. A shekarunsa na ƙarshe ya ƙago wani ɗan akwati mai naɗaɗɗiyar takarda a ciki: yaro ya murza ya ga tambaya, ya amsa, ya sake murzawa ya ga amsa. Waɗansu abokan aikinsa ba su so wannan ba, suna ganin yaro ya koma bin abin da aka shirya masa. A ganina suna da ɗan gaskiya. Injin ɗab'i maganar yaro yake fitarwa, akwatin kuwa maganar malam ce a ciki.

Firene ya rasu a Vence ran 8 ga watan Oktoba 1966, saura mako guda ya cika shekara 70. Aka kai shi Gars aka binne shi. Makarantarsa ta Vence ta koma hannun gwamnatin Faransa a 1991.