Malam Dabo Dambazau: Sarkin Bai, Kakan Gidan Sarautar Ɗambatta

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. A wannan fitowa mun ga ya dace mu waiwayi rayuwar Malam Muhammadu Dabo, wanda aka fi sani da Dabon Dambazau, domin da yawa daga cikin 'ya'yanmu da suka tashi a Legas da Kaduna da Abuja sukan ji sunan, su ɗauka Sarkin Kano Ibrahim Dabo ake nufi. Mutum biyu ne, zamaninsu ɗaya, amma gidansu daban: Ibrahim Dabo Basulluɓe ne, shi kuwa namu shi ne jagoran Dambazawa.

Malam Dabo malami ne Bafulatani. Lokacin da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tashi a 1804, yana cikin manyan da suka ja ragamar jama'a a ƙasar Kano, tare da irin su Malam Bakatsine na Joɓawa, da Malam Jibir na Yolawa, da Malam Jamo na Sulluɓawa. An yi ta fafatawa har aka karya rundunar Sarki Alwali a Ɗanyaya, mulkin Kutumbawa ya zo ƙarshe. Da ƙura ta lafa, ba a bai wa ko ɗaya daga cikin waɗannan jagorori sarautar Kano ba. Malam Sulaimanu aka naɗa. Malam Dabo ya riƙe sarautar Sarkin Bai, kuma har yau akwai unguwar Dambazau a cikin birni.

Babbar jarrabawa ta zo a 1819. Malam Sulaimanu ya rasu, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya naɗa Ibrahim Dabo, sai garuruwa da dama suka ƙi yin mubaya'a. Tawayen da ya fi kowanne tsanani shi ne na Ɗantunku, jarumin da shi ma ya taimaki jihadi, wanda a lokacin Ɗambatta ce mazauninsa. Rikicin ya ɗauki shekaru, har Baturen Ingila Clapperton da ya iso Kano a 1824 ya tarar ana cikinsa.

A nan ne halin Malam Dabo ya bayyana. Sau biyu sarautar Kano tana wuce shi, alhali yana cikin waɗanda suka sha wahalar kafa ta. Da ya ga dama da ya bi sahun masu tawaye, amma ya tsaya tare da Sarki, ya zama garkuwar Kano ta arewa. A ƙarshe Ɗantunku ya bar Ɗambatta ya koma Kazaure, Sarkin Musulmi ya tabbatar masa da masarautarsa, Ɗambatta kuwa ta zauna a ƙasar Kano, a hannun Dambazawa. Don haka mu da mutanen Kazaure, waɗanda suke Jihar Jigawa tun 1991, tarihinmu a sarƙe yake, ba mai iya ba da nasa sai ya ambaci na ɗan'uwansa.

Malam Dabo ya rasu a ƙarshen zamanin Sarki Ibrahim Dabo, ya bar wa zuriyarsa gado mai nauyi. Sarkin Bai na cikin masu zaɓen Sarkin Kano guda huɗu, tare da Madaki da Makama da Sarkin Dawaki Mai Tuta. Bayan zuwan Turawa a 1903 aka fitar da hakimai daga birni su zauna a gundumominsu, gidan Sarkin Bai ya daɗa kafuwa a garinmu. Daga wannan gida ne marigayi Alhaji Mukhtar Adnan ya fito, wanda ya hau sarautar a 1954, ya riƙe ta har rasuwarsa a 2021.

Mafi yawan labarin Malam Dabo yana bakin dattawa ne, da maroƙa, da makaɗan fada, su kuwa kullum raguwa suke yi. Muna kira ga 'yan ƙungiya, duk wanda ya zo gida hutun Sallah, ya kai yaransa kallon hawa, ya kuma zauna da dattijon unguwarsu ya naɗi abin da ya sani, ya miƙa wa ƙungiya domin a adana.

Allah Ya jiƙan Malam Dabo da sauran magabatanmu, Ya sa Aljanna ce makomarsu, amin.